Hoton Lawali a Cikin Taɓo

Ni na koya wa Lawali shiga jirgin ƙasa a New York. Ina fara da wannan ne domin shi na daɗe ina nanata wa kaina, kuma shi ya kai ni ga abin da na aikata.

Sunana Salisu, mutumin Damagaram ne ni. Lokacin da Lawali ya sauka Amurka na shekara tara ina sayar da jakunkunan mata da tabarau a bakin titin Canal. Gidansu yana kallon namu, ina saurayi yana yawo ba wando. Mahaifinsa ya kira ni a salula ya ce, "Salisu, ga ƙanenka nan tafe, amana ce." Na tarar da shi a filin jirgi yana kaɗuwa cikin wata 'yar shara-sharar riga, na tuɓe rigar sanyina na ba shi. Shekara biyu cur yana kwana a ɗakina a Morris Heights, cikin yankin Bronx, bisa katifar da muke jinginewa da bango in gari ya waye.

A kasuwa Lawali bai iya komai ba. Mai saye na tsaye, shi yana can wurin wata mata 'yar Ekwado mai sayar da yankakken mangwaro, yana tambayarta yadda ake cewa wuƙa a yarensu. In ya je aski sai ya wuni a shagon 'yan Dominika. Yana da wani ɗan littafi a aljihu da yake rubuta kalmomi, Faransancin da ya koya a lakwal, wato makarantar boko, kuma ya sauƙaƙa masa. Nakan ce masa, "Kai, Sifaniyanci ba ya cika tukunya." Sai ya yi dariya ya ce, "To, Yaya."

Wata rana faɗa ya kaure tsakanin mai mangwaron da wani direban tasi ɗan Haiti. Lawali ya shiga tsakani yana juya harshe uku har suka rabu da dariya. Ashe wata Baturiya da ke duba tabarau a teburina tana saurare. Tana da ɗan ƙaramin kamfani da ke kai mutane dajin Amazon a ƙasar Peru, irin yawon da ba a cutar da daji: ba a sare itace, ba a yar da leda, ba a taɓa dabba, kuma mutanen ƙauyen su ke da masaukin. Ta ajiye tabarauna ta ba shi katinta. A teburina, da hannuna riƙe da madubi.

Ya fara da amsa waya a ofis. Kafin shekara biyu shi ke jagorantar baƙi.

Daga nan hotuna suka fara zuwa. Muna da gurup a waya na 'yan Damagaram da ke New York, kowa na ciki, daga masu tebur irina har ma'aikatan ofishin jakadanci. Lawali cikin kwalekwale. Lawali kusa da ganyen da ya fi tabarma faɗi. Ina tsaye a Canal dusar ƙanƙara na shiga takalmina, ido ɗaya na kan masu saye ɗaya na kan 'yan sanda, sai wayar ta yi ƙara, in duba in ga haƙoransa. Nakan rubuta "Masha Allah" kamar kowa. Sai in buɗe hoton in ƙara girmansa ina neman aibu.

A da, bayan sallar Juma'a ni mutane ke kewayewa, ana tambayata lauyan takardu ko ɗakin haya. Yanzu sai in ga da'irar ta koma wurin Lawali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da matata Hadiza, wadda har yanzu ban samu kawo ta da yara ba, ta ce mini a waya, "Wai kai ba ka zuwa ko'ina ne? Kullum hotonka gaban jakunkuna." Wasa take yi. Na yi kwana biyu ban kira ta ba.

Sai maganar aure ta taso. Alhaji Maman, dattijon da ke da shagon kayan abinci a Flatbush kuma shi ke mana sulhu in an saɓa, yana da 'ya mai suna Nana, ma'aikaciyar jinya, haihuwar nan, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Sun daidaita da Lawali. Ya same ni a tebur ya ce, "Yaya, ba ni da uba a ƙasar nan sai kai. In na dawo daga wannan tafiyar, kai za ka nema mini."

Na ce Allah ya sanya alheri.

"Kuma wani daga cikin baƙin ya fasa, an riga an biya kuɗin wurinsa. Madam mai kamfani ta ce in zo da wanda nake so. Shekara nawa ba ka huta ba, Yaya? Zo mu je."

Da bakina na ce bari in duba. A raina kuwa na riga na amsa. Ba hutu zan je ba. So nake in gani da idona, domin na tabbata bayan hotunan nan akwai ɗan dako mai ɗaukar wa Turawa kaya.

A Lima, babban birnin Peru, na fara gane cewa tafiyar ba za ta yi mini daɗi ba. Mu goma ne da shi. Tun daga layin duba fasfo na koma kurma. Ni da na san kowace kusurwa ta Manhattan, ga ni ina bin bayan Lawali kamar rago a kasuwa. Jami'ar ta yi mini tambaya na tsaya ina kallonta, ya leƙo ya faɗi kalma biyu, ta yi dariya ta buga hatimi.

Na ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce yayana ne, shi ya rene ni."

Ko wannan sai na ji kamar sadaka ya ba ni.

Daga can wani jirgin ya kai mu Ikitos, birnin da babu hanyar mota da ke shigarsa daga sauran ƙasar. Da aka buɗe ƙofa zafi ya rufe ni kamar an kifa mini tukunyar dambu. Amma da muka fita titi sai na ga adaidaita, ɗaruruwa, suna kutsawa suna ham, mata na soya ayaba a bakin hanya, yara na bin ƙwallo ba takalmi. Shekara huɗu rabona da gida, ban zaci a nan zan ji ƙamshinsa ba. Na juya in faɗa wa Lawali, sai na ga yana ƙirga baƙinsa da yatsa, ni ma ya ƙirga da ni.

Washegari mota ta kai mu Nauta, inda za mu hau jirgin ruwa. A bakin tashar ya tara mu ya raba wa kowa takalmin roba mai tsawo, da gorar ruwa ta ƙarfe, da 'yar kwalbar man sauro wanda ya ce ba ya lalata ruwan kogi. Sannan ya ce da Turanci, "Kowa ya tsaya nan, kada wanda ya saya komai a hannun masu yawo." Ya maimaita da Hausa saboda ni.

Wannan maimaicin ne ya tunzura ni. Yana juya baya na shiga kasuwa.

Ban yi taku ashirin ba wani mutum mai hular kaba ya tare ni da Turancinsa na tasha. Ya kalli kwalbar da ke hannuna ya girgiza kai. Wai wannan na Turawa ne, sauron dajin nan shan sa suke kamar shayi. Ya zaro wata kwalba mai ruwan kore daga jakarsa, ya waiga hagu da dama kafin ya nuna mini, wai sirrin mafarauta ne, ba kowa yake sayar wa ba. Wallahi na san waigen nan. Ni ma haka nake yi kafin in fito da jakar da nake cewa ta musamman ce. Duk da haka na saya, domin ina son in riƙe wani abu guda a tafiyar nan wanda ba daga hannun Lawali ya fito ba. Kwalbarsa kuwa na bar wa mutumin kyauta.

Awa shida muka yi a ruwa. Kogin faɗinsa ya wuce hankali, launinsa kamar kunun gyaɗa, daga baya muka ratse wani ƙaramin rafi baƙi ƙirin inda itatuwa suka haɗe a samanmu. Ban iya ruwa ba. Na riƙe katakon jirgin har yatsuna suka sage. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai suna Doroti, malamar makaranta da ta yi ritaya, ta haura saba'in. Ta ga halin da nake ciki, ta miƙo mini alewar citta. Can ta gaya mini ita da mijinta suka shekara suna shirin wannan tafiya, ya rasu kafin lokacin ya zo.

Garin da muka sauka bai fi gida arba'in ba, duk bisa dogayen turaku saboda ambaliya, rufin ganye. Babu mota, babu sabis na waya, wuta sai ta hasken rana. Tun jirgin bai tsaya ba na ji ana kiran "Lawali! Lawali!" daga gaɓa. Wata dattijuwa gajera mai suna Elbira, wadda ita ke shugabantar matan da ke kula da masaukin, ta shiga ruwa har gwiwa ta kama fuskarsa da hannu biyu tana yi masa faɗan ya rame. Mijinta Ramon, wanda shi ke shiga da baƙi daji, ya ɗauki jakar Lawali. Ɗan dakon da na zo gani, shi ake ɗaukar wa kaya.

A bayan ɗakin girki suka nuna mini wani ɗan dandamali na katako, an share shi, da buta a gefe. Ramon ne ya kafa masa domin salla, har ya zana alƙibla da wuƙa. Elbira kuma ta ware tukunya guda da ba a taɓa dafa alade a ciki ba. Shekara goma sha huɗu ina Amurka, maƙwabcina na ƙofa da ƙofa bai san sunana ba.

Da la'asar na shafe jikina da man mafarauta muka fita kallon tsuntsaye. Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Kamar na yi shela. Sauro, da wasu ƙananan ƙudaje da ba a gani sai an ji, da tururuwa, duk suka taru a kaina. Kafin gari ya waye idona ɗaya ya rufe, wuyana da hannuwana sun yi burɗin-burɗin. Elbira ta karɓi kwalbar ta sunsuna, ta ɗanɗana a harshe, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Man girki ne da sukari da ɗan launi.

Lawali bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, ina wanda na ba ka?"

"Ya faɗi a ruwa."

Ya dube ni kaɗan, ya ciro nasa ya ba ni. Sauran kwanakin da toka da hayaƙi ya yi ta kare kansa.

Elbira ta zaunar da ni a kan turmi, ta kawo wani jan ƙaro da suke tatsa daga jikin itace, ta murza shi a tafin hannu har ya yi fari, ta bi kowane cizo tana shafawa tana surutu da yaren da ba na ji. Sannan ta kawo mini kifi gasasshe cikin ganye da wani abu a ƙwarya. Na ɗiba na ji garin rogo ne, gari sak irin wanda muke jiƙawa da ƙuli. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ta ɗauka zafin cizon ne, ta yi ta hura mini wuya kamar yaro.

Rana ta uku muka shiga daji sosai. Ramon a gaba da adda, amma ba ya sara sai dole, yana kaucewa ko da saƙar gizo ce. Duhu kamar magariba alhali hantsi ne, ƙasa na numfashi, ko'ina kuka da tsiwa na abubuwan da ba ka gani. Muka ga birai jajaye, muka ga wata dabba mai nawa rataye a reshe kamar tsumma. Duk abin da Ramon ya faɗa Lawali ya juya, ya ƙara da nasa, baƙin suna bin bakinsa da ido.

Muka iso gindin wata itaciya da ban taɓa ganin irin girmanta ba, saiwoyinta tsaye kamar katangu. Na ɗaga kai, na ga ganyen, na ga audugar da ta zubo a ƙasa. Na ce, "Kai, wannan ai rimi ne!"

Lawali ya tsaya. Ya ɗauki audugar ya murza. "Wallahi rimi ne, Yaya! Sau bakwai ina zuwa nan ban lura ba."

Na ce masa da ita kakata ke cusa matashi, kuma a garinmu ba a zama gindinta da tsakar rana saboda masu wurin. Ya juya wa Ramon. Ramon ya zaro ido ya ce su ma haka, uwar daji ce ke zaune a ciki, ba sa nuna ta da yatsa. Lawali ya juya wa baƙin da Turanci, ya nuna ni ya ce yayansa ne ya gano. Amma yadda ya tsara maganar, ya haɗa Damagaram da wannan daji da tsoho ɗaya da tsoro ɗaya, sai da wata mata ta share ido. Suka tafa. Shi suke kallo suna tafawa. Abu ɗaya da na zo da shi daga gidanmu, a bakinsa ya yi kyau.

A hanyar dawowa aka yi ruwa, hanyar ta koma taɓo. Doroti ta taka wani wuri ƙafarta ta nutse har gwiwa, ta fara karkarwa tana cewa a bar ta, ita ce ke ɓata wa kowa tafiya. Lawali ya rataya jakarta a wuyansa bisa tasa, ya durƙusa cikin taɓon, ya cusa hannu har kafaɗa ya zaro ƙafar, sannan ya tono takalmin. Ya zauna a kan dugadugansa ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya share ta da rigarsa, ya mayar mata da takalmin. Fuskarsa duk laka.

Ni ne mafi kusa da su. Ban miƙa hannu ba. Waya na ciro.

Hoton ya fito yadda na so: baƙin yaro a durƙushe, jakunkuna biyu a wuya, ƙafar Baturiya a hannunsa. Da muka koma masauki na buɗe gurup ɗinmu na sa shi, na rubuta a ƙasa, "Ga aikin manajan daji. Allah ya ƙara ɗaukaka." Na danna. Da yake babu sabis, saƙon ya tsaya da 'yar alamar agogo a gefensa, yana jira.

Kwana uku yana jira. Ba zan ce na manta ba. Kullum sai na buɗe na dube shi. Ranar da Lawali ya tashe ni da asuba ya kai ni ni kaɗai a kwalekwale in ga wasu manyan kifaye masu ruwan hoda suna fitowa shan iska, ya riƙe mini hannu saboda ya san tsorona, na ce in mun koma zan goge. Muka koma muka tarar Doroti ta miƙe a wurin karin kumallo tana cewa Allah bai ba ta ɗa ba, amma da ya ba ta, irin wannan take so. Elbira ta ce ai an riga ta, nata ne. Aka yi ta dariya ana jan sa. Na mayar da wayar aljihu.

Muna cikin jirgin komawa, Nauta ta fara bayyana, sai wayoyi suka farka gaba ɗaya, kowa tasa na ƙara. Na ji tawa ta motsa a cinyata. Ko a lokacin ina da 'yan daƙiƙu. Na zauna ina kallon ruwa.

Lawali na gefena. Na ga ya buɗe, na ga yatsansa ya tsaya. Amsoshi sun riga sun fara sauka, fuskokin dariya a jere, wani ya rubuta, "Ashe wankin ƙafa ake zuwa yi." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya miƙe ya ce wa baƙi kowa ya duba kayansa, an kusa isowa. Ya taimaka wa Doroti ta sauka. Ni ma ya miƙo mini hannu, domin katakon na da santsi, na kama.

Daga Nauta har New York bai yi mini maganar ba. Ya nuna mini kujerata, ya karɓo mini abincin da babu alade. A filin jirgi ya ce, "Malam Salisu, ga jakarka." Tunda ya iya magana bai taɓa kiran sunana ba.

Na goge hoton a daren da muka sauka, amma ya riga ya yi ƙafa. Ya je Damagaram kafin mu iso Bronx. Mahaifiyar Lawali ta gan shi a wayar maƙwabciya, ta yi kuka ta ce ashe bauta ɗanta yake yi. Gwaggwannin Nana suka ce ba za a ba mai wanke ƙafar Turawa 'yar da ta yi karatu ba. Alhaji Maman ya aiko cewa a dakata tukuna. Hadiza ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Innarsa ce ta yi mini wankan jego, ka tuna?" Ta ajiye.

Na koma teburina. Abin mamaki, waɗanda suka fi kowa dariya a gurup su ne suka fara gaishe ni sama-sama.

Bayan mako uku na ɗaga kai na ga Lawali tsaye gaban jakunkuna.

"Alhaji ya ce a je ranar Lahadi bayan azahar. Na gaya wa Baba a samo wani. Ya ce kai ya ba amana, shi bai karɓe ba."

Na ce, "Lawali, ka zauna mu yi magana."

"Ina da aiki," in ji shi.

Ranar Lahadi na sa babbar rigata na hau jirgi zuwa Flatbush. Falon Alhaji cike da dattawa, an baza darduma, ga goro da dabino a faranti. Lawali na can ƙarshe kusa da ƙofa, kansa a ƙasa. Bayan gaisuwa na buɗe baki zan fara abin da aka saba faɗa, Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ciro wayarsa ya ajiye a tsakiyar darduma, hoton a buɗe.

"Salisu, kai ka ɗauki wannan. Mu hoto muka gani, kai kana wurin. Gaya mana abin da ka gani."

Na dubi hoton. Ina iya cewa wasa ne. Kowa ya shirya karɓar hakan, da an yi dariya an wuce. Amma na gaji.

Na ce matar ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ta nutse a taɓo tana kuka. Mutum tara ne a wurin, ni na fi kusa, shi ya durƙusa. Na ba su labarin dandamalin salla da tukunyar da aka ware, da yadda gari guda ke fitowa bakin ruwa in ya iso. Na faɗi yadda na ba ɗan damfara maganin da Lawali ya ba ni, na yi wa Lawalin ƙarya, ya ba ni nasa ya kwana cikin hayaƙi. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Kowace kalma sai da ta ƙone ni kafin ta fita.

"To me ya sa ka rubuta abin da ka rubuta?" in ji wani dattijo.

"Baƙin ciki nake yi da shi," na ce. "Na daɗe."

Alhaji ya ɗauki wayarsa ya sake duban hoton, ya daɗe.

"Ni da na fara ganinsa," in ji shi, "tunanin da na yi shi ne, wata rana ni ma ƙafata za ta maƙale. Amma na so in ji daga bakin wanda ba ya sonsa. Shaidar masoyi ba ta da nauyi." Ya tura farantin goro gabana. "Mun ba ku. Raba, kai ne uban ango."

Na bi dattawan ɗaya bayan ɗaya ina miƙa goro.

A waje na sami Lawali yana ɗaura igiyar takalmi a bakin matakala. Na tsaya a kansa ban san ta inda zan fara ba. Shi ya fara.

"Kwana uku saƙon yana wayarka. Na duba lokacin da ka rubuta shi. Ranar da na kai ka ganin kifaye, yana aljihunka?"

"Yana nan."

Ya gyaɗa kai. "Na yi ta tunani, me na yi maka? Na duba tun daga ranar da na sauka, ban samu ba. Gaya mini, ko zan daina nema."

"Ba ka yi mini komai ba, Lawali."

"Na fi son a ce na yi," in ji shi. "Da na ba ka haƙuri mun huta."

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. Tasha ɗaya za mu, amma ya ce shi zai taka.

An ɗaura auren da bazara, na tsaya masa a komai, ya yi mini godiya a gaban jama'a kamar yadda ya kamata. Muna gaisawa a masallaci. Da aka haifa masa ɗa ya aiko mini da sanarwa kamar kowa. Ya koma dajin sau da yawa tun daga nan, ya tafi da Nana, ya tafi da Alhaji ma da tsufansa. Ni bai sake cewa in zo ba.

Na so in ce ranar falon Alhaji ce ta warkar da ni. Ba ta warkar ba. Jiya ma ya sa hoto, yana tsaye a sabon ɗakin karatun da suka gina wa garin su Elbira, na ji abin ya motsa a ƙirjina kamar da. Bambancin kawai yanzu na san sunansa, kuma na san abin da ya ci mini. Na ajiye wayar a ƙarƙashin tebur, na yi masa addu'a da ƙarfi yadda kunnena zai ji, na maimaita har sau uku kafin zuciyata ta yarda ta ce amin.